Igiyar Toyota da yaron shagon atamfa

Kabiru: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Zainab, Aminu, kun ga yadda saƙonni suka cika mana waya kan maganar yaron shagon atamfar nan da maigidansa ya kora don ya sauya tsarin shagon bai tambaye shi ba ko?

Zainab: Har da na murya, Yaya Kabiru, wani minti bakwai cur. An rabu gida biyu.

Aminu: Ni dai ina nan tare da maigidan. Ka dawo daga Umara ka tarar yaro ya sauya maka jeren kaya, yana tura hotunan atamfarka a WhatsApp, bai tambaye ka ba.

Zainab: Amma ciniki ya ƙaru!

Aminu: Ko ya ƙaru, Hajiya. Yau jeren kaya, gobe farashi.

Kabiru: Tsaya, Aminu. Ka san igiyar Toyota? A masana'antarsu an daɗe ana rataye igiya a saman layin haɗa motoci, andon suke ce mata. Kowane ma'aikaci, ko jiya aka ɗauke shi, in ya ga noti bai ɗauru ba, sai ya ja. Fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya sheƙo, in ba a gyara nan take ba layin ya tsaya cak. Ba a zaginsa, ba a yanke masa albashi. Abin da ya fi ba ni mamaki ya faru ne a Amurka, a garin Fremont na jihar Kalifoniya. Kamfanin motoci na General Motors ya rufe masana'antarsa ta can a 1982, ma'aikatan sun yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da shaye-shaye. A 1984 aka sake buɗewa tare da Toyota, aka dawo da yawancin mutanen nan, aka kai wasunsu Japan horo, aka ba su igiya. Su ɗin dai, ba wasu ba, suka riƙa fitar da motocin da ke cikin mafiya inganci a duk kamfanin General Motors.

Aminu: Rataya ta a nan ka gani. Kafin azahar an ja sau arba'in. Wani zai ja ne don ya tafi shan shayi.

Zainab: Wa ke nan, ban da kai?

Aminu: Ni ban taɓa barin aiki don shayi ba.

Zainab: Mai shayin bakin layinku fa ya buɗe maka littafi na musamman.

Aminu: Shafi ɗaya ne!

Kabiru: Gaba da baya.

Aminu: Wallahi sharri ne. Kuma mutumin nan shi ne ainihin mai ƙirƙira. Wa ya fara haɗa Indomie da ƙwai uku da kifin gwangwani ya cusa cikin burodi? Har suna ya sa masa.

Zainab: Wane suna?

Aminu: Sai ka kwanta.

Zainab: Lallai kuwa, ka kwanta da bashi.

Aminu: Zan biya ƙarshen wata.

Kabiru: Wane watan? Shekara biyu muna jin wannan. To amma teburin mai shayin ma akwai darasi a kai. Dubi Cowbell. A farkon shekarun 1990 suka shigo da madarar gari a 'yar ƙaramar leda, lokacin da mutane da yawa ba sa iya sayen gwangwani guda. Irin wannan ba a ganinsa daga ofis mai sanyi, sai wanda ya tsaya ya ga abin da ke hannun mai saye. Kuma a shago, wa ke tsaye gaban mai saye daga safe har magariba? Yaron. Shi yake jin mata suna cewa wannan zanen ya tsufa, wancan ya yi duhu. Maigida yana can yana lissafi da dillalai.

Aminu: To in ya gwada abin ya ci kuɗi fa?

Kabiru: Sai ka yi masa iyaka tun farko. Ware masa turmi biyar, ka ce mako biyu, yi yadda ka ga dama da su, ka kawo min lissafi. In asara ce ka san girmanta. Kamfanin 3M na Amurka haka yake, yana barin ma'aikatan bincikensa su yi amfani da kashi 15 cikin ɗari na lokacinsu a kan abin da ransu ke so. A 1968 wani masaninsu, Spencer Silver, yana neman gam mai ƙarfi sai ya samu wanda ba ya riƙewa sosai. Ba a kore shi ba. A 1974 abokin aikinsa Art Fry, da ke waƙa a coci, ya gaji da takardun alama da ke zubewa daga littafinsa, ya tuna da gam ɗin. Sai 1980 Post-it, 'yar takardar da aka shafa wa gam ɗin, a manna a ɓanɓare, ya shiga kasuwa sosai.

Zainab: Shekara 12! Wane alhaji ne zai jira? Ni na fi son misalin gida. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa da dabararsa ta sanyaya kayan lambu: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da tsumma mai danshi. Yalo da ke lalacewa cikin kwana uku ya kai kwana 27. Har lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex ya samu a 2000. Abin da randar kakarmu ta daɗe tana yi ya duba da kyau.

Kabiru: Sosai. Kash, an ɗaga mana hannu, lokaci ya ƙure.

Zainab: Haba Yaya, abubuwa uku na rubuto wa masu shaguna, ko ɗaya ban faɗa ba.

Kabiru: Mako mai zuwa in sha Allahu, da ke za mu fara. Aminu, wayarka ce ke ƙara?

Aminu: Ku rabu da ita.

Zainab: Mai shayi ne! Ɗauka mu gaisa.