Reza mai baki biyu: yadda ake askin gemu da ita ba tare da ka yayyanka fuskarka ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan ɗan ƙarfen da kuke gani a gaban kyamara shi ne maganarmu ta yau, abin askin gemu ne irin na da wanda ake saka masa reza ɗaya tal mai baki biyu, kuma in kana cikin masu fama da ƙurajen aski a wuya da ƙarƙashin haɓa to don Allah ka tsaya ka kalla har ƙarshe, don kai na fi yi wa wannan bidiyon.

Bari in kwance shi ku gani. Kashi uku ne kawai, ga mariƙi, ga farantin ƙasa, ga murfin sama mai ɗan kusa a tsakiya. Ka ɗora rezar a kan murfin, ka rufa da farantin, ka murɗa mariƙin har ya ɗaure, shi kenan. Ku lura da kyau nan, lokacin da nake ɗaurewa rezar tana ɗan lanƙwasa, ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi, lanƙwasar ce take saita bakin rezar yadda zai taɓa fata. Rezar kanta siririya ce sosai, kaurinta wajen milimita 0.1, shi yasa ake kama ta ta gefen da ba kaifi, ta gajerun ɓangarorin nan biyu. Akwai wani iri kuma da ba sai ka kwance ba, ƙasan mariƙin kake murɗawa sai kan ya buɗe gida biyu ka jefa rezar ka rufe. Abin daɗin shi ne rezar duk girmanta ɗaya, ta kowane kamfani zata shiga kowane mariƙi.

Wani Ba'amurke ne King Camp Gillette ya yaɗa wannan tsarin, ya fara sayarwa a 1903, kuma a shekarar farkon nan mariƙi 51 kacal ya sayar da reza 168. Abin da ya ɗaga shi sosai Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, da sojojin Amurka aka raba musu cikin kayansu, suka dawo gida sun saba. A lokacin rezar tana saurin tsatsa, sai a 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da wadda bata tsatsa. Daga 1971 kuma aka fara jera reza biyu a kai ɗaya na roba, 1998 ta koma uku, 2006 ta kai biyar, sai mutane suka watsar da wannan.

To me zai sa mutum ya koma baya? Nan ne wajen da nake so ku fahimta da kyau. Mai reza da yawan nan, yadda aka tsara shi ta farko tana ɗan jawo gashin waje, kafin ya koma ta biyu ta yanke shi, ta uku ta ƙara, to sai gashin ya yanku ƙasa da saman fata ya nutse ciki. Mai miƙaƙƙen gashi sau da yawa ba ruwansa, fuskarsa tayi sumul ya tafi. Amma mai murɗaɗɗen gashi, kamar yawancin baƙar fata, in gashin ya tashi tsirowa ba lallai ya miƙe ya fito ta ƙofarsa ba, sai ya lanƙwashe ya soki fatar daga ciki, jiki kuma ya ɗauke shi baƙon abu, sai kumburi, sai ƙaiƙayi, sai ruwa, in ya warke ya bar baƙin tabo. Ita kuwa reza ɗaya daidai saman fata take yankewa, kuma shafa ɗaya reza ɗaya ce ta bi ta kan fatarka ba biyar ba. Ba wai magani ba ce fa, wanda ƙurajensa suka yi tsanani ya ga likitan fata, wani ma hutun aski gaba ɗaya za a ce ya yi na ɗan lokaci. Amma ga mutane da yawa sauƙin da ake samu ba kaɗan ba ne.

Yanzu kafin reza ta taɓa fuska, ruwa. Busasshen gashin gemu yana da tauri fiye da yadda kuke zato, in ya sha ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku sai ya yi laushi rezar ta wuce ba gardama. Mafi sauƙi kayi aski bayan ka fito wanka, in ba haka ba ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka rufa a fuska. Sai kumfa. Ka jiƙa buroshi, akwai na gashin dabba akwai na roba, ni na roban nake ba mai farawa shawara don baya buƙatar jiƙo mai tsawo kuma yana saurin bushewa, ka yarfe ruwan ka juya shi a kan sabulun aski kamar rabin minti, sannan ka hau juyawa a kwano ko a fuskarka kai tsaye kana ɗiga ruwa kaɗan kaɗan. Ku kalli bambancin nan a kusa. Wannan ta hagu manyan ƙwayoyi ne a jikinta kana ganin fata ta ciki, ruwa ya yi mata yawa ko sabulu ya yi kaɗan, nan da nan zata bushe. Wannan ta dama kuwa ta haɗu tana sheƙi, in na shafa tsakanin yatsu santsi nake ji, ita ake nema. Aikin kumfar santsi ne, ba tudu ba.

To ga babbar maganar, wadda in ka riƙe ta ka gama rabin koyo: kar ka danna. Wallahi kar ka danna. Hannunka ya saba da na roban nan mara nauyi wanda sai ka matsa yake ci, kuma kansa yana juyawa ya bi fuskarka da kansa. Wannan ƙarfe ne, yana da nauyinsa, kansa kuma baya motsi, nauyin nan shi zai yi askin. Ka riƙe shi da yatsu uku sako-sako kamar yadda kake riƙe biro, kusa da ƙarshen mariƙin. Sai ka ɗora saman murfin a kumatu, mariƙin yana kallon waje, ka rinƙa sauko da mariƙin a hankali a hankali har kaji bakin rezar ya fara kama gashi, ana cewa wajen digiri 30 ne amma ba wanda zai tsaya awo a gaban madubi, kunnenka ne zai gaya maka. Ku saurara, bari in matso da makirfon. Kun ji wannan ƙaras ƙaras ɗin? Yankan gashi kenan. In baka jin komai murfin ne kawai yake shafar fata, in kuma kaji yana kankara yana ja to ka sauko da yawa. Shi yasa nake cewa a farkon koyo ka kashe famfo ka kashe waƙa, kayi aski shiru.

Gajere gajere zaka rinƙa ja, santimita biyu ko uku, ba doguwar shara daga kunne zuwa haɓa ba. Baki ɗaya ya cika da kumfa ka juya ɗayan, duka sun cika ka ɗauraye. Kuma kar ka kuskura ka ja shi gefe, wato a tsawon bakin rezar, nan ne ake yankewa.

Sai maganar inda gashi ya kwanta, wannan mutane suna raina ta. Ka bar gemun ya kwana biyu, ka shafa da yatsa, inda kaji sulɓi nan ya kwanta, inda kaji yana sukarka kana tayar da shi ne. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma wuya, wuya kowa da nasa, wani gefe yake tafiya, wani daga ƙasa yake hawowa, wani ma juyi yake a gefen maƙogwaro. Zagayen farko bin kwanciyar gashin ake yi. Ka ɗauraye ka sake shafa kumfa, zagaye na biyu ka yanko shi ta gefe. Akwai na uku da ake tayar da gashin, shi ne yake bada sumul ɗin nan sosai, amma in kana da ƙuraje ni dai ina roƙonka ka haƙura da shi, musamman a wuya, kuma kar ka ja fatar ta miƙe ƙam don neman ƙarin sumul, gashin nutsewa zai yi. A makonnin farko ma zagaye ɗaya ya isa. Inda babu kumfa kuma kar reza ta bi, ko sau ɗaya.

Ka gama, ruwan sanyi. Sai ka jiƙa dunƙulen alif ka shafa, ka bar shi kaɗan ka wanke. Yana tsayar da ɗan jini in an samu, kuma ina son shi don baya ɓoye gaskiya, duk inda ya yi maka zafi sosai to nan ka danna, gobe sai ka kula. Bayansa ka shafa mai mara barasa don alif yana busar da fata.

Wanne zaka saya? Mai farawa ya nemi mai rufaffen baki, wanda sanda ce miƙaƙƙiya a ƙasan rezar, ba mai haƙora kamar mataji ba. Merkur 34C na Jamus da Edwin Jagger DE89 na Ingila da Mühle R89 duk an san su da sauƙin hali. Reza kuma nan ne abin mamaki yake, girmansu ɗaya amma halinsu daban, Feather ta Japan kaifinta ya yi suna, bana so ka fara da ita, Astra ko Derby sun fi lallaɓa sabon hannu. Wadda ta yi wa abokinka daɗi kai tana iya ja maka, don haka ka samo kala kala ka gwada, sai dai ka tsaya kan guda ɗaya tukuna har hannunka ya zauna, in kana canza reza kana canza sabulu kana canza mariƙi lokaci ɗaya ba zaka taɓa gane wanne ne yake cutarka ba.

Yawanci reza tana kai aski uku zuwa biyar, mai kaurin gashi ƙasa da haka, da kaji ta fara ja ka cire ta. Kar ka bari wani ya yi aski da rezarka kai ma kar kayi da ta wani, ciwon hanta na B da C yana bi ta jini. Tsohuwar kuma kar a jefa ta haka a shara, yara da masu kwasa suna yankewa, ka samu gwangwani mai murfi ka ɓula siririyar kafa ka rinƙa zurawa. Tsofaffin gidajen Amurka ma har 'yar kafa ake yi musu a akwatin madubin banɗaki, rezar ta faɗa cikin bango, masu gyaran gida har yau suna fasa bango su tarar da tulinsu. In zaka hau jirgi kuma ka cire rezar daga mariƙin ka saka ta a babbar jaka, don ba a barin ta a jakar hannu.