Katakon da ya cinye makin McLaren a Las Vegas

Ku dubi ƙarƙashin motar nan da kyau. Kun ga tartsatsin da ke tashi kamar ana walda? Ku riƙe hoton nan a ranku, za mu dawo kansa.

Jama'a, wanda ya tashi da asubar Lahadi, 23 ga Nuwamba 2025, ya kalli tseren Formula 1 na Las Vegas, ya ga abin da ya gani da idonsa. Max Verstappen na Red Bull ya zo na ɗaya, Lando Norris na McLaren na biyu, abokin aikinsa Oscar Piastri na huɗu. Aka hau dandamali, aka ba da kofuna, kowa ya kashe talabijin ya kama harkarsa. Can da hantsi sai labari ya canza: an soke sakamakon motocin McLaren duka biyu. Makin Norris 18 sun tafi, na Piastri 12 sun bi su. Dalilin kuwa, wai wani katako da ke ƙarƙashin mota ya cinye fiye da ƙima.

Tun ranar tambaya ɗaya ake ta maimaitawa, kuma tambaya ce mai hankali: idan abu ya cinye a jikin mota, ai mai motar ne ya yi asara. To ina laifin? Wasu ma sun ɗauka an kama McLaren da wata na'urar ɓoye, wasu suka ce motar ce ta gaza nauyi. Ba ko ɗaya ciki.

Mu fara da lissafi, a gurguje. Na ɗaya a tsere yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, na huɗu 12, haka har zuwa na goma mai maki 1. Kafin Las Vegas, Norris na da 390, Piastri 366, Verstappen 341. Da an bar sakamakon yadda aka gama, da Norris ya ba Piastri ratar maki 30, ya ba Verstappen 42. Bayan hukuncin kuwa ga yadda allon ya koma: Norris 390, Piastri 366, Verstappen 366. Rata 24 kacal, ga maki 58 na tsere biyun da suka rage a lokacin ajiye a ƙasa ba mai su. Ku tuna, mutumin nan Verstappen a ƙarshen watan Agusta, bayan tseren ƙasarsa Holan, maki 104 ne tsakaninsa da wanda ke kan gaba.

To, mu shiga ƙarƙashin mota.

Ga shi nan, doguwar faranti ce da ta bi tsakiyar cikin motar daga gaba zuwa baya. Har yau katako ake ce mata, saboda da farko da katakon aka yi ta, amma ta yanzu haɗin zaren gilas ne da danƙo mai tauri. Kaurinta milimita 10 idan sabuwa ce. A jikinta an dasa wasu 'yan ƙarafa na titaniyam, su ne ke gogar kwalta, su ne kuma ke fitar da tartsatsin da kuka gani a farko. Dokar 2025 ta ce bayan an gama tsere, idan aka auna a wasu ramuka da aka ware, kada kaurin ya gaza milimita 9. Milimita 1 aka yafe maka, ka cinye shi yadda kake so a tsawon tseren.

Na Norris ya wuce iyaka da milimita 0.12. Na Piastri da 0.26. Ɗauki takardar littafin rubutu guda ɗaya ka dubi gefenta: kusan wannan kaurin ne ya raba Norris da maki 18.

Yanzu ga inda mutane ke ɓata hanya, kuma a nan zan daɗe.

FIA, hukumar da ke kula da tseren, ba ta damu da katakon don kansa ba. Abin da take son sani shi ne, yaya kusancin cikin motarka da ƙasa yake lokacin da kake gudun kilomita 300 a sa'a? Wannan kuwa ba wanda zai iya tsugunawa da ma'auni ya duba. Mota a tsaye a gareji tana da tsayinta, amma da zarar ta hau titi iska ta danne ta, sai ta kwanta. Saboda haka aka manna mata shaida a ciki. Duk lokacin da ta taɓa ƙasa, kwalta za ta ɗan kankare shaidar. A ƙarshen tsere sai a tambayi katako, shi kuwa ba ya ƙarya. Kamar dai yadda mai gyaran takalmi zai juya takalminka ya dubi dunduniyar, ya gaya maka ta wane gefe kake taka ƙasa ba tare da ya taɓa ganin tafiyarka ba.

Me ya sa kowa ke son motarsa ta yi ƙasa? Ku kalli zanen nan. A motocin 2022 zuwa 2025, yawancin ƙarfin da ke manna motar Formula 1 da titi daga ƙarƙashinta yake fitowa. Akwai hanyoyin iska guda biyu, dama da hagun katakon, masu faɗin baki, matsattsen tsakiya, sannan su sake buɗewa ta baya. Iska idan ta shiga matsatsi sai ta ƙara sauri, idan ta ƙara sauri sai matsinta ya ragu, sai titi ya zama kamar yana tsotsar motar. Iya kusancinka da ƙasa, iya ƙarfin tsotsar. Iya ƙarfin tsotsar, iya gudun da za ka shiga kwana da shi taya ba ta zame ba. Milimita ɗaya ko biyu na tsayi, a wajen injiniyoyin nan, lokaci ne da ake gani a agogo.

Kun ga ke nan cinyewar katako ba ita ce ribar ba. Alama ce cewa motar ta sha zama a wurin da ake samun riba. Wanda ya ɗaga motarsa don ya tsira da milimita 9 ɗinsa ya biya kuɗin bin doka da gudu. Wanda nasa ya cinye bai biya ba, ko da gangan ko ba da gangan ba.

To ina wahalar? A ɗaga motar mana a huta. Wahalar ita ce hasashe ake yi. Daga lokacin da aka fara zagayen neman gurbi, wato na tantance inda kowa zai tashi, ranar jajibirin tsere, an kulle saitin mota, ba ka da ikon taɓa tsayinta sai dai ka yarda ka tashi daga layin gareji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dole tun a atisaye injiniyoyi su ƙiyasta yadda katako zai ci a zagaye 50, da tanki cike da mai da ya kai kilo 100, a titin cikin gari mai gargada, da miƙaƙƙen layin nan na gaban otal-otal da ya kusa kilomita 2. A Las Vegas kuwa atisayen bai yi albarka ba. An tsayar da na biyu saboda murfin ramin titi da ake zargin ya saki, sannan aka yi neman gurbi cikin ruwan sama, a jiƙaƙƙen titi mota ba ta gudun da zai danne ta sosai. Ranar tsere titi ya bushe.

Sai ga abin da McLaren ta ce ba ta zata ba. Ku kalli kan direban nan, yadda yake kaɗawa sama da ƙasa. Motar tana sukuwa. Iska ta tsotse ta har cikinta ya kusa manne wa titi, hanyar iskar ta toshe, tsotsar ta saki, motar ta ɗago, iska ta sake shiga, ta sake tsotse ta. Sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Duk saukowa ɗaya, duka ɗaya ne a kan katako. Shi ya sa a zagayen ƙarshe-ƙarshe kuka ga Norris ya ja baya sosai, yana ɗaga ƙafa daga totur tun kafin ya isa kwana. Da yawanmu mun ɗauka mai ne ke neman ƙare masa. Ashe katakon ake ƙoƙarin ceto, kuma ba a cece shi ba.

Alƙalan tseren da kansu sun yarda cewa ba da niyya aka yi ba. Amma a dokokin ƙirar mota ba a tambayar niyya. Ko motarka ta cika sharaɗi, ko ba ta cika ba. Ni dai a nawa ganin haka ya fi, duk da na ji wa Norris ciwon abin har raina. Ranar da aka ce an yafe 0.12, gobe kowace tawaga za ta saita motarta a kan 0.12, jibi kuma a zo ana roƙon 0.15.

Akwai kuma dalilin da ya fi maki nauyi. A nan ba ni da hotuna da yawa da zan nuna, kuma ba na son nuna waɗanda ake da su. A ƙarshen mako guda a Imola ta Italiya, shekarar 1994, direbobi biyu suka rasu: Roland Ratzenberger ranar Asabar, Ayrton Senna ranar Lahadi, 1 ga Mayu. Cikin matakan gaggawa da aka ɗauka a shekarar don rage gudun motoci a kwana, har da wannan katako. Mota idan cikinta ya daki ƙasa da ƙarfi, nauyinta yakan bar tayoyi ya koma kan cikin, na ɗan ƙiftawar ido direba ba shi da sitiyari. Wannan ake gudu.

A shekarar ma aka fara cin wani da shi. Michael Schumacher ya zo na ɗaya a Spa ta Beljiyam, aka auna katakon motarsa ta Benetton, aka karɓe nasarar aka ba Damon Hill. A 2023 a Austin ta Amurka, Lewis Hamilton da Charles Leclerc. A 2025 ma Hamilton ya sake faɗawa a Chaina da motarsa ta Ferrari, Nico Hülkenberg a Bahrain. Saboda haka masu cewa an ƙirƙiro hukuncin ne don a ƙara wa gasar armashi, ku duba jerin nan. Dokar ta girmi Norris da Piastri da Verstappen duka.

A lokacin saura tsere biyu a gasar 2025. Katar ranar 30 ga Nuwamba, da gajeren tsere na ranar Asabar mai maki 8 ga na ɗaya, sai Abu Dabi ranar 7 ga Disamba. Lissafin lokacin shi ne, idan Norris ya bar Katar da ratar maki 26 a kan su biyun, zance ya ƙare, ya zama zakara karo na farko. A Katar ɗin kuma kamfanin taya Pirelli ya ce kada a wuce zagaye 25 da saitin taya ɗaya, tseren kuwa zagaye 57 ne, dole kowa ya shiga gareji aƙalla sau biyu. McLaren ta riga ta ɗauki kambun kamfanoni tun a Singafo, abin da ya rage mata ciwon kai ne na gida: direbobi biyu, kambu ɗaya, ga Verstappen a bayan ƙofa. Tsofaffin masu kallo sun tuna 2007, lokacin da Hamilton da Fernando Alonso, su ma duka a McLaren, suka ƙare da maki 109 kowanne, Kimi Räikkönen na Ferrari ya bi ta tsakaninsu da 110. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Waɗannan tsere biyu kuma su ne na bankwana da irin motocin nan. Ga ta 2026 a allo. Ta fi ƙanƙanta, faɗinta ya sauko daga mita 2 zuwa 1.9, an rage mata nauyin kilo 30 ko kusa da haka. Kusan rabin ƙarfinta daga lantarki zai fito, don injin lantarkin ya tashi daga kilowat 120 zuwa 350, man kuma ba na rijiya ba ne. Tagar fiffiken baya da ake buɗewa don wuce abokin hamayya, wato DRS, wadda muka saba da ita tun 2011, ta tafi. A madadinta fukafukan gaba da na baya za su riƙa kwantawa a miƙaƙƙen layi su miƙe a kwana, sannan mai bin wani a baya ya samu ƙarin lantarki na kai hari. Audi ta karɓi tawagar Sauber, Cadillac ta shigo a matsayin tawaga ta 11, Red Bull tana ƙera injinta tare da Ford, Honda ta koma Aston Martin.

Amma ku juya min ita, mu ga cikinta. Kun gani? Zurfafan hanyoyin iskar nan sun tafi, cikin ya koma kusan shimfiɗaɗɗe. Tsotsar ƙasa za ta ragu, ribar kwantar da mota har ƙasa za ta ragu, ana kuma sa ran sukuwar da ta ci McLaren za ta lafa, bayan direbobi ya huta da duka. Katakon dai yana nan a tsakiya, ba a cire shi ba. An sa tseren farko na ganin yadda sababbin motocin ke cin sa a Melbourne ta Ostireliya, ranar 8 ga Maris 2026.

A kowane tsere dai, idan aka kaɗa tutar ƙarshe kada ku yi saurin kashe talabijin. Ku jira a tura motocin gareji a auna.