Minti 15 na Sarki Louis: waƙoƙin majami'ar fadar Versailles

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku dubi wannan ginin da kyau. Majami'ar fadar Versailles ke nan a ƙasar Faransa, wadda aka gama ginawa a 1710. Hawa biyu gare ta. Sarki Louis na 14 a bene yake zama, ta ƙofar da ke haɗe da ɗakunansa, ba ya sauka ƙasa sai ranar babban biki. Can ɗaya gefen, a saman bagade, akwai wani benen mai babban ogan, wato kayan kiɗan coci mai bututu, nan mawaƙa da makaɗa suke jeruwa suna fuskantar sarki ido da ido. Tun kafin a gina wannan ma, marubuci La Bruyère ya yi wa fadawa shaguɓe, ya ce sun juya wa firist baya, sun ɗaga fuskokinsu ga sarki. Ku riƙe wannan, don shi ne mabuɗin waƙar da za mu yi magana a kai.

Sunanta grand motet, wato babbar waƙar coci ta taron muryoyi da kayan kiɗa. Abin da ya haife ta kuwa, halin sarki ne. Kullum sai Louis ya halarci sujadar da 'yan Katolika ke kira Mas, amma ba ya son doguwar da firist ke rerawa tiryan-tiryan. Ya fi son gajeriya, wadda firist ke karantawa ƙasa-ƙasa. To, shiru fa? Sai makaɗa su cike shi. Firist na nasa a bagade, su suna nasu a bene. Da farko babbar waƙa ta kusan minti 15. Idan firist ya ɗaga gurasa, sai ƙaramar waƙa ta mutum biyu ko uku. A rufe da addu'ar Domine salvum fac regem, ya Ubangiji ka ceci sarki. Haka kowace rana.

Kalmomin da Latin suke, yawancinsu daga Zabura. Wannan ma ba banza ba. Dawuda sarki ne, mayaƙi ne, mai waƙa ne. Idan muryoyi suka tashi da ayar da ke cewa Ubangiji zai sa maƙiya su zama matashin ƙafarka, ba wanda ke cikin ɗakin nan da bai san wa ake nufi ba.

Yanzu ku saurari yadda aka gina ta. Masu goge irin na Turawa suke buɗewa. Sai murya ɗaya ta ɗauki aya, sai biyu ko uku su karɓe, sannan babban taro ya faɗo gaba ɗaya. Ƙaramin rukuni na gwanaye da babban rukuni na kowa da kowa, suna ba juna. Sauran ƙasashen Turai sun fi raba muryoyi gida 4, Faransawa kuwa gida 5 suke yi. A sama yara maza da mawaƙan da aka kawo daga Italiya. Ƙarƙashinsu akwai wata siririyar muryar namiji mai hawa sama, haute-contre, wadda Faransawa ke ji da ita ƙwarai. Sauran uku duk muryoyin maza ne masu kauri, shi ya sa tsakiyar sautin take da nauyi haka.

Henry Du Mont da Pierre Robert, waɗanda aka naɗa a 1663, su suka aza harsashi. Lully, ɗan Italiyan nan da ya mamaye kiɗan fada, bai taɓa riƙe muƙami a majami'ar ba, amma ya rubuta irin waɗannan waƙoƙi. Da Madame de Sévigné, shahararriyar marubuciyar wasiƙu, ta ji kiɗansa a wata jana'iza a 1672, cewa ta yi ba ta jin akwai wani kiɗan daban a aljanna. Irin wannan waƙar ce ma ta yi ajalinsa: a farkon 1687 yana jagorantar Te Deum, waƙar godiya ga Allah, don murnar warkewar sarki, ya soki ƙafarsa da sandar da yake buga ƙasa da ita, ciwon ya ruɓe, ya mutu a watan Maris.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne 1683. Fada ta koma Versailles shekara guda kafin nan, tsofaffin shugabannin mawaƙa sun ajiye aiki, sai sarki ya sa gasa. Mutum 35 suka shiga. Waɗanda suka tsallake zagayen farko aka kulle su, aka ba su Zabura guda, kowa ya rubuta waƙarsa ba mai taya shi. Aka ɗauki 4, kowanne zai riƙe majami'ar wata 3 a shekara. Uku daga ciki da manyan iyayen gida a bayansu. Na huɗun, Michel-Richard de Lalande, saurayi mai shekara 25, an ruwaito sarki ne da kansa ya ce wannan nawa ne.

Marc-Antoine Charpentier rashin lafiya ta fitar da shi daga gasar, bai kuma taɓa samun muƙamin ba. Amma yau buɗewar Te Deum ɗinsa ce taken haɗakar gidajen talabijin na Turai. Shi kuwa Nicolas Goupillet, ɗaya daga cikin huɗun da suka ci, shekara 10 yana karɓar yabo kafin asiri ya tonu a 1693 cewa wani saurayi, Henry Desmarest, ke rubuta masa waƙoƙin a ɓoye. Aka sallame shi, aka ba Lalande watanninsa. A hankali Lalande ya haɗe sauran, zuwa 1714 shekarar duk tasa ce. Ya bar manyan waƙoƙi sama da 70, kuma har ƙarshen ransa yana komawa kan tsofaffin yana gyara su.

Wani zai ce ai wannan bambaɗanci ne kawai aka sa wa rigar ibada. Akwai gaskiya a ciki, musamman waƙoƙin nasarar yaƙi masu ƙaho da tambura. Amma a ganina mafi kyawunsu na tuba ne. Ku ɗauki De profundis na Lalande, na 1689, daga Zabura ta 130, inda mai addu'a ke kira daga cikin zurfi. Goge na tafiya a hankali, sai murya guda mai kauri ta fara daga can ƙasa, sannan sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya cika. Babu kirari ko ɗaya a nan. Mutumin da duk Faransa ke durƙusa wa, ana rera masa cewa idan Ubangiji zai lissafa laifuffuka, wa zai tsaya?

Louis ya mutu a 1715, waƙar ba ta bi shi ba. A 1725 aka buɗe Concert Spirituel a fadar Tuileries da ke Faris, inda duk mai kuɗin tikiti zai zauna ya ji abin da a da sai 'yan fada. Shekaru da dama waƙoƙin Lalande ne kan gaba a wurin, kuma wani mai tsara waƙa, Mondonville, ya zo ya ƙara musu kwaikwayon tsawa da igiyar ruwa don jan 'yan kallo. Juyin juya halin 1789 ne ya kawo ƙarshen abin, don da sarauta ta faɗi a 1792, babu sauran sarkin da za a roƙa wa ceto. Takardun suka kwanta a ɗakunan ajiya kusan shekara 200. A 1987 aka kafa cibiyar kiɗan baroque, wato kiɗan wancan zamanin, a Versailles, tana tono su tana bugawa, tana kuma horar da yara mawaƙa da ke rera su a wannan majami'ar da kuke gani.