Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Farfajiyar Masaukin George, Landan

Assalamu alaikum.

Mai Girma Kwamishinan Tarihi da Al'adu, 'yan tawagarsa, dattawanmu da sauran 'yan uwa. Ranka ya daɗe, a madadin Hausawa mazauna Landan, lale marhabin. Sannu da hanya, sannu kuma da wannan sanyi da ya tarbe ka tun daga filin jirgi.

Na ga ka ɗan waiwaya da muka ratso da kai ta lungun nan daga titin Borough High Street. Zango muka kawo ka, ranka ya daɗe, amma na Turawa. Kafin 1750 Gadar Landan ce kaɗai ta haye kogin Thames a cikin birnin, saboda haka mai tahowa daga yankunan Kent ko Sussex na kudancin Ingila a keken doki, nan unguwar Southwark yake saukewa. A ba dawaki harawa, fasinja ya ci tuwon ƙasarsu ya kwanta, da asuba a ɗaura dawaki a keke a kama hanya. Jikan fatake ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Gobarar 1676 ta cinye tsohon ginin, wanda kake gani an tayar da shi a 1677. Ɗaga kai ka dubi barandar katakon nan hawa biyu. Ta nan baƙo ke bi ya shiga ɗakinsa, ta nan kuma yake leƙowa ya ga ko an fara loda kaya. Dubi yadda katakon ya ɗan sunkuya; ba wanda ya yi karambanin miƙe shi, kuma ni dai hakan ya fi burge ni. A duk Landan wannan ne kaɗai masaukin keken doki mai baranda da ya rage. A ciki akwai wani ƙaton agogon bango da ake laƙaba wa sunan Majalisa, saboda harajin da ta ɗora wa agogo a 1797, wanda ko shekara bai kai ba aka soke shi.

Sai dai kada ganin nan ya ruɗe ka, ɓangare ɗaya ne cikin uku. Jirgin ƙasa ya kashe kasuwar keken doki, sannan a 1889 kamfanin jirgin Great Northern ya rushe ɓangarori biyu don ya samu wurin ajiyar kaya. Abin da ya tsira aka danƙa wa National Trust, ƙungiyar kula da wuraren tarihi, a 1937, kuma yanzu yana matakin farko a jerin gine-ginen tarihi na Ingila. Ko taga ba a sauyawa sai da izinin hukuma. Takardun wannan tsari muka haɗa maka, tunda kai ma kana da ganuwa da tsofaffin soraye a wuyanka.

Yau gidan abinci ne da mashaya, shi ya sa muka shirya maka shayi a nan waje. Bismillah, ranka ya daɗe, mu fara zagayawa kafin ya huce.