Amsoshin Tambayoyinku: Ina Castle ɗin da ke Castle Square?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar yau ta fito ne daga hannun wata baiwar Allah 'yar Zariya da ke karatu a Brighton, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Ta ce kusan kullum a Castle Square take sauka daga bas. An gaya mata kalmar castle a Turanci tana nufin gidan sarauta mai ganuwa, amma ta waiga gabas ta waiga yamma, ba ta ga komai ba sai shaguna da motocin bas. Shin rushe shi aka yi?

To Malama, mun gode da wannan tambaya. Rushewa kam an yi, sai dai abin da aka rushe mashaya ce haɗe da masaukin baƙi, sunanta Castle Inn. Irin gidajen nan ne na zamanin keken doki, inda matafiyi zai ci, ya sha, ya kama ɗakin kwana, a ba dawakinsa harawa. Sunan ne ya manne wa dandalin bayan gidan ya tafi.

Kafin 1750 garin, wanda ake kira Brighthelmstone a lokacin, ƙauyen masunta ne da talauci ya yi wa katutu, ga guguwar teku ta cinye masa gidaje a 1703 da 1705. Sai wani likita daga Lewes, Richard Russell, ya fito da littafi a 1750 yana cewa ruwan teku magani ne, a yi wanka da shi, har ma a sha. Ku ji fa, a kurɓi ruwan gishiri! Amma masu kuɗin Landan suka gaskata, suka yi ta tururuwa. Baƙo kuwa sai da masauki. Wani mai suna Samuel Shergold ya ga kasuwa ta buɗe, ya sayi wani gida a gefen filin da ake kira Steine, inda masunta ke shanya tarunsu, ya mai da shi mashaya a shekarun 1750.

Abin da ya ɗaga gidan sama shi ne zauren rawa da aka ƙara masa a 1766, wanda John Crunden ya zana. Tsawonsa ƙafa 80, faɗinsa ƙafa 40, bango da rufi duk an yi musu ado da farar ƙasa. A nan manyan gari ke haɗuwa da dare, ana rawa, ana karta, iyaye mata na leƙen wa 'ya'yansu mazan aure. Yana da kishiya, otal ɗin Old Ship, wanda har yau yana nan a bakin teku. Don kada a yi ta rigima a kan baƙi, akwai wani jami'in shagulgula, William Wade, da ke raba musu darare, yau a nan, gobe a can.

Maƙwabci ne ya ci gidan. Yarima George mai jiran gado ya fara zuwa Brighton a 1783, ya so garin, ya gina fadarsa ta shaƙatawa, Royal Pavilion, bango da bango da Castle Inn. Fada na ta faɗaɗa, kasuwar mashaya na ja da baya, har ya saye ta. Bayan ya hau karaga a 1820 a matsayin Sarki George na Huɗu, ya sa aka mai da zauren rawar majami'ar fada, aka keɓe ta ranar 1 ga Janairu 1822. Sauran ginin aka rushe shi a 1823.

Sarauniya Biktoriya ba ta ji daɗin Brighton ba, musamman da jirgin ƙasa ya iso daga Landan a 1841, 'yan kallo suka hana ta sakewa. A 1850 aka sayar wa garin fadar a kan fam 53,000. Nan hukumar cocin Chichester, wadda cocin Brighton ke ƙarƙashinta, ta ce wurin ibada ba ya cikin ciniki, tunda an riga an keɓe shi. Aka kwance ginin, aka kwashe shi zuwa wani titi mai suna Montpelier Place, tafiyar kusan mil ɗaya, aka sake tayar da shi da sunan Cocin St Stephen a 1851. An daina ibadar yau da kullum a ciki a 1939, daga baya ƙungiyar kurame ta yi amfani da shi, yanzu kuma cibiya ce mai suna First Base, inda marasa matsuguni ke zuwa da rana su karya kumallo su yi wanka, a ƙarƙashin adon zauren rawar.

Saboda haka Malama, idan kin sami sarari ranar da babu lacca, ki taka zuwa Montpelier Place ki ga ginin, ko daga waje ne, don ciki na masu buƙata ne. A gaida mutanen Zariya idan an yi waya gida. Sai wasiƙa ta gaba.