Yadda ake kawo maƙalar mujalla a manazarta: laccar ɗaliban kundin NCE, Gumel

Assalamu alaikum. Na baya ku matso, akwai wuri. Abu huɗu zan faɗa kan kawo maƙalar mujalla a tsarin APA bugu na 7, wato ɗaya daga cikin tsare-tsaren rubuta manazarta.

Na farko, jerin. Sunan marubuci, shekara a baka biyu, sunan maƙala, sannan sunan mujalla da rubutun tsutsa, wato mai karkata, sai juzu'i, fitowa a baka biyu, shafin farko zuwa na ƙarshe. Sunan mujallar ake karkatarwa tare da lambar juzu'in. Sunan maƙalar a bar shi a miƙe.

To, juzu'in nan, a nan zan daɗe. Ɗalibi zai hau mota har Kano, ya shiga laburaren BUK, ya samu mujallar Harsunan Nijeriya, ya ba mai fotokofi shafukan maƙalar kaɗai. Bangon fa? Ya bar shi a can! Alhali juzu'i da fitowa da shekara galibi a bango suke, ko a shafin farko. Ranar haɗa manazarta sai ya tsaya yana sosa ƙeya, kuɗin mota kuma ya ƙare. Ku da kuka yi karatun hadisi kun san isnadi: wane daga wane. Aka cire mutum ɗaya, sarƙa ta tsinke. Mai duba kundinku so yake ya bi sawunku har shafin da kuka tsaya. Don haka bango tukuna. Ku ɗauke shi a waya, ku rubuta a bayan takardar da biro. Bango tukuna, 'yan'uwa mata kun ji ko?

Na uku, au, na biyu ke nan: mujallar kasuwa, irin mai fita wata-wata. Ita shekara ba ta isa ba, sai an ƙara wata, har rana in akwai. Ta intanet kuma in tana da DOI, lambar nan mai farawa da 10, a sa ta a ƙarshe. Na uku, marubuta uku ko fiye, a cikin rubutu sunan na farko kawai, sai "da wasu".

Na'am, malama?

"Malam, wanda ya sa sunan garinsu a ƙarshe, kamar Ringim ko Bichi fa?"

Yauwa. Wanda marubucin ya sa a ƙarshe a kan maƙalar shi za ki fara da shi, ko gari ne, sauran ki taƙaita su zuwa harafi ɗai-ɗai. Farfesa, Dakta, Alhaji duk a cire. In ya rubuta sunansa da ƙ ko ɗ mai lanƙwasa, ki bar masa lanƙwasarsa. Ga kiran salla can, na huɗun sai mako mai zuwa.