A Gwada Makami a Hannun Soja Kafin a Saya

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Gwajin makami iri biyu ne. Akwai na injiniyoyin da suka ƙera shi, su auna ko ya cika sharuɗɗan da aka rubuta a takarda. Akwai kuma wanda ake miƙa shi ga soja na gaske, mai gajiya da gumi, a cikin ƙura ko ruwa, ana kai masa hari na kwaikwayo. Na biyun nake so mu tattauna, domin shi ne ake yawan yi wa rowa.

Ku ɗauki tofidon Amurka mai suna Mark 14, makamin da jiragen ƙarƙashin teku ke harbawa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda tsadarsa, ba a yarda a fasa shi a gwaji ba. Sai a ɗaura masa kan gwaji marar nakiya, wanda bai kai na yaƙi nauyi ba. Da aka shiga yaƙi da Japan, kyaftin-kyaftin suka yi ta kuka: mun harba, ya wuce ta ƙarƙashin jirgin abokan gaba, shiru. Hukumar makamai ta ce su ne ba su iya saiti ba.

A watan Yunin 1942, Admiral Charles Lockwood, wani kwamandan jiragen ƙarƙashin tekun Amurka, ya sa aka kafa ragar kamun kifi a tekun Ostareliya, aka harba tofido ta cikinta, aka auna inda ya huda. Ya nutse fiye da saitinsa da kusan ƙafa 11. Gani ya kori ji! Raga ce kawai fa, ba wata na'ura ba. Daga baya aka gano abin da ke tayar da nakiyar ma yana da lahani, gyara bai kammala ba sai ƙarshen 1943.

Shi ya sa tambayar wa ke gwajin ta fi komai. Wanda ya shekara goma yana rainon makami, da wuya ya kushe shi. A 1983 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa ofishin gwaji mai zaman kansa a ma'aikatar tsaro, wanda ke kai rahoto ga majalisar kai tsaye, kuma ba a shiga cikakken saye sai ya kawo nasa. A 1985 aka soke bindigar kakkaɓo jirage ta Sergeant York bayan ta kasa a gwajin fili, alhali an riga an karɓi fiye da 60 daga cikinta.